Ƙoƙo Mai Huji na Gwaggo

Ranar Asabar ce, da hantsi. Ina zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana a Nasarawa, ina wasa a waya. Wasan nan ne da ake jera 'ya'yan itatuwa masu launi ɗaya, in sun haɗu uku su fashe. Kwana huɗu na yi a mataki ɗaya na kasa wucewa, ranar kuwa na ga alamar zan wuce. Sai kira ya shigo, sunan Gwaggo ya rufe fuskar wayar. Na sa yatsa na ture shi. Ya sake shigowa, na sake turewa. A na uku babbar ɗiyata ta kawo min ruwa, ta leƙa ta gani.

"Baba, Kaka ce."

"Na gani. Zan kira ta."

Ban kira ba. Bayan kamar awa ɗaya da rabi wani kiran ya shigo, daga Yaya, ɗan Gwaggo na fari. Shi na ɗauka, don a lokacin na riga na wuce matakin.

"Kana ina?"

"Ina gida, Yaya. Lafiya?"

"Sai haƙuri. Inna ta cika. Ka taho, bayan la'asar za a kai ta."

Na yi salati, na maimaita abin da ake faɗa, cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Bakina yana faɗa, zuciyata tana lissafin hanya. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar awa guda ce in mota ba ta tsaya ba. Da na ɗauki kiran farko, da na same ta da rai.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, ta haɗa ni da 'ya'yanta ba ta bambanta ba. Sunanta na sa wa babbar ɗiyata, shi ya sa ba ta taɓa kiranta da komai ba sai Takwara.

Mun isa kafin a fito da ita, ni da matata da yara. Gidan ya cika. Mata sun zauna har bakin murhun da take aiki, wasu da garin dusa a hannunsu, daga wurin sussuka suka taho. Wata tana cewa jiya-jiyan nan ta aiko mata da maganin tari. Wata tana cewa yanzu wa zai riƙa yi musu faɗa. Ba a yi kururuwa ba, don sun san ba ta so.

Matar Yaya ce ta tare ni a tsakar gida, idonta ya kumbura.

"Sau uku tac ce a kira ka. Ni da hannuna na kira. Tac ce, ki kira min Ma'aikaci."

"Me ta ce za ta gaya min?"

"Ba ta faɗi ba. Tac ce da bakinta za ta gaya maka."

Ina neman abin da zan ce, sai wata tsohuwa, maƙwabciyar Gwaggo kuma abokiyar sana'arta, ta ɗaga kai daga inda take zaune.

"Ai ba sai an tambaya ba. Waya tana hannun ɗiya, ana wasan ga da marigayiya ta yi ta faɗa a kai. Ke Takwara, ke kinka hana ubanki jin muryar uwatai ta ƙarshe. Sunanta kinka ci, ba halinta ba."

Mata suka juya gaba ɗaya. Ɗiyata tana tsaye a gefen uwarta, shekararta goma sha ɗaya. Ta ɗago ta dube ni. Ba kuka take ba, jira take. Kalma huɗu kawai ake bukata a wurina: ba ita ba ce. Na buɗe baki, sai aka yi kira daga zaure cewa maza su fito, an shirya. Na juya na fita. Na ɗauki makara, na shiga kabari na karɓe ta, mutane suna cewa ɗa ya yi abin da ya kamata.

Wannan rubutu na Gwaggo ne, don kada a manta da ita. Amma ba zan iya rubuta ta in ɓoye wannan ba, don ba ta taɓa yarda a ɓoye irinsa ba.

Sana'arta gumi ce, wato turara shanshera, shinkafa mai ɓawo, kafin a kai inji a sussuke. Manoma daga fadamar Argungu har Augie suna kawo mata, saboda shinkafarta ba ta karyewa. Ba ta da agogo, ba ta kuma taɓa neman a saya mata ba. Abin da take da shi ƙaramin ƙoƙo ne da ta huda gindinsa da allura mai zafi. In ta ɗora rabin duro a wuta, tururi ya fara tashi, sai ta sa ƙoƙon a kan ruwa cikin wata tsohuwar tasa. Ruwa ya riƙa shiga ta hujin a hankali har ƙoƙon ya cika ya nutse. Nutso uku, ta sauke. Da na girma na taɓa auna shi da agogona, na ce mata kusan kwatan awa yake yi.

"To, sai ka gaya wa agogonka," in ji ta. "Shi ab bai sani ba."

Da ƙoƙon nan take auna komai. Wankan gulbi, nutso biyu ka fito. Rabon lilo tsakanin yara, kowa nutso ɗaya. Har baƙuwar da ta cika surutu, in ta tafi, Gwaggo takan ce, "Wagga ta yi mana ƙoƙo shida." Ba ta duka a kan lokaci, ba ta kuma jayayya. In ka ce ai yanzu ka fara, sai ta nuna maka tasar da leɓe. Ba da ita kake rigima ba, da ruwa kake.

Ina shekara tara na yi mata wani abu. Ina son in daɗe a gulbi, sai na ɗebi ɗan laka na toshe hujin ta ƙasa. Na manta ranar tana da aiki a wuta. Ƙoƙo ya ƙi nutsewa, shinkafar wani manomi ta dahu ta fashe, rabin duron nan gaba ɗaya. Da ta ga lakar, ta tara mu ta ce wane ne. Na yi shiru. Yaya shi aka fi sani da ƙiriniya, shi mijinta ya kama ya zane. Ina tsaye ina kallo.

Bayan kwana biyu ta kira ni bayan rumbu, inda ba kowa.

"Na san kai ne. Ƙafarka ad da lakar gulbi ranar, ba ta yayanka ba."

Na fara kuka.

"Shinkafa ba komi ba ce, na rama wa mai ita. Shirun da kay yi shi ad damuwata. Wanda ya iya kallon ana dukan wani a kan laifinai, wannan ina jin tsoronai."

Na ce ta yafe min. Ta ce ba ita aka daka ba. Na je na ba Yaya haƙuri a ɗaki, na dawo na gaya mata. Ta girgiza kai.

"Ina anka dake shi?"

"Tsakar gida."

"To, can za ka faɗi."

Da maraice, ana cin tuwo, na tsaya a tsakar gida gaban kowa na faɗa. Ba wanda ya taɓa ni. Ta miƙo min kwanona kamar ba abin da ya faru. Ba ta sake ɗaga maganar ba har ta koma ga Allah.

Ita ta tsaya na yi makaranta, alhali ita ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Ranar da na sami aikin ofis a Birnin Kebbi ta fara kirana Ma'aikaci, rabi alfahari rabi tsokana. In na je da sababbin takalma sai ta ce a shimfiɗa wa gwamnati tabarma.

Bara ta zo gidana ta yi wata biyu, ana duba mata ido a asibiti. Abin da ta tarar ba zan ƙawata shi ba. Yarana uku, tsohuwar waya ɗaya da na bar musu, kullum faɗa. Daga dawowa makaranta har magariba kai a sunkuye. Ana kiran yaro sau uku bai ji ba. Matata ta yi faɗa ta gaji, ni kuwa dokata ba ta kwana biyu: yau in ƙwace wayar in kulle, gobe in ina son in huta in miƙa musu da kaina.

Gwaggo ta yi kwana uku tana kallo. A na huɗu ta kira ɗiyata.

"Takwara, zo ki nuna min abin ga da ya fi ni daɗin kallo."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Wasan tseren wani ɗan mutum ne da yake tsalle yana kauce wa ramuka. Gwaggo ta karɓa da yatsunta da tururi ya ƙone, ido ɗaya a rufe da auduga. Ta faɗa rami nan take. Ta sake, ta sake faɗawa. Yara suna ta dariya har da birgima.

"Kaka, tsalle za ki yi."

"Ni da gwiwar ga? Shi dai ya yi, shi ad da ƙuruciya."

Ta yi kusan sau goma kafin ta miƙa wayar. Na zaci za ta ce aikin banza ne. Sai ta ce, "Ashe da daɗi. To shi ya sa za a yi mai ƙoƙo. Abin da ba daɗi ai ba ya bukatar a tsai da mutum."

Ta buɗe ƙullin kayanta ta fito da shi. Ashe ba ta tafiya ba tare da shi ba. Dokarta gajera ce: sai an dawo Islamiyya, sai an gama aikin makaranta, sannan kowa nutso biyu. Wanda ba nashi lokacin ba shi ne mai gadin tasa. In ƙoƙo ya nutse, ko kana tsakar tsalle ne, ka miƙa. Ranar Juma'a nutso uku, saboda albarkar rana.

Ban zaci zai yi aiki ba, amma ya yi. Yara sun fi son kallon ƙoƙon ma wani lokaci, suna ƙirga masa, suna cewa saura kaɗan. Faɗa ya ragu, don ba wanda za a ce ya yi son kai. Da autarmu ta yi zazzaɓi tana kwance, na lura nata ƙoƙon ya daɗe ƙwarai. Na ɗaga na duba, na ga ƙwayar shinkafa a maƙale a hujin. Na dubi Gwaggo.

"Mi kake kallo?" in ji ta. "Mara lahiya ruwanai a hankali shike tahiya."

Saɓaninmu ya zo ne a kan tabarmar cin abinci. Na dawo ofis, an ajiye min tuwo, ina ci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Gwaggo tana ba ni labarin wani abu game da gonar mahaifina, ina cewa to, to, ban ji ko ɗaya ba. Sai ta katse labarin. Ta jawo tasar nan ta ajiye a gabana, ta ɗora ƙoƙon.

"Kai ma nutso biyu, Ma'aikaci."

Yara suna wurin. Na ce, "Gwaggo, aiki nake yi. Saƙon ofis ne."

Ɗiyata tana bayana, ta leƙa, ta yi dariya ba da wata manufa ba. "Kaka, lemu yake fasawa."

Kowa ya yi dariya, har matata. Ni kaɗai ban yi ba. Na ture tasar da bayan hannu, ruwa ya zube a tabarma. Na ce, "Gwaggo, nan ba Argungu ba ne. Gidana ne, kuma ni ba yaro ba ne."

Ta sunkuya ta ɗauki ƙoƙon, ta goge shi da bakin zanenta. Can ta ce, "Gaskiyarka. Ni dai na ga yara ba abin da aka ce musu suke bi ba, abin da sunka gani suke bi." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan kwana biyu ta ce idonta ya warke, aiki yana jiranta. Na kai ta tasha, muna maganar hanya da tsadar taki. Ƙoƙon ta bar wa Takwara, ta ce ita za ta huda wani. Daga baya na aika mata da atamfa da sabulu, ta aiko da godiya da bandar kifi. Na ɗauki wannan a matsayin an shirya. Na je Argungu sau biyu bayan nan, muka gaisa, muka yi dariya, amma kalmar haƙuri ba ta fita daga bakina ba. Yarana kuwa sun ci gaba da bin ƙoƙon, ko ina nan ko ba na nan. A gidan nan mutum ɗaya ne bai taɓa yarda a sa masa ƙoƙo ba.

Kwana bakwai muka yi a Argungu muna karɓar gaisuwa. A zaure maza suna ba ni labarinta. Wani manomi daga Augie ya ce shekarar da ruwa ya cinye masa gona, ita ta ba shi iri ba ta bari kowa ya ji ba. Wani masunci ya ce ita ta raba shi da ƙanensa faɗan homa, ragar kamun kifi, ta ce su riƙa karɓa-karɓa da yini. Kowa ya gama sai ya dafa ni ya ce na yi rashin uwa, Allah Ya ba ni haƙuri, yaran zamani sai addu'a. Labarin cewa ɗiyata ce ta riƙe wayar ya riga ya fito daga cikin gida. Ina amsawa da amin.

A cikin gida kuwa ɗiyata ce take shan wahalar. Ba wanda ya dake ta. Amma in ta miƙa hannu za ta ɗauki kwano, sai wata ta ce a bari, kada ta shagala. 'Yan uwanta suna ce mata Mai Gem, wato mai wasan waya. Ranar addu'ar uku na shiga da niyyar in faɗi gaskiya. Na tsaya a daidai inda na tsaya ina shekara tara. Na ga mata suna jiran abin da ɗan marigayiya zai ce. Na yi musu godiya, na ce Allah Ya ba da lada, na fita.

Da muka dawo Birnin Kebbi, ɗiyata ta daina taɓa wayar. In ƙannenta suna wasa, ita ce mai gadin tasa kullum, in nata lokacin ya zo sai ta ce ta bar musu. Ta rage magana. Matata ta ɗauka makoki ne, har ranar da na zaunar da ita na gaya mata. Ta daɗe tana kallona.

"Kana tsaye aka ce mata ba ta ci halin Gwaggo ba."

"Ina tsaye."

"To, ba ni za ka gaya wa ba."

Na sami ɗiyata da yamma tana wanke tasar. Na tsuguna a gefenta, abin da ban taɓa yi ba. Ba na iya kiran sunanta, Mamana nake ce mata.

"Mamana, na zalunce ki. Ki yafe min."

"Ba komai, Baba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Ai kin gani."

Ta ci gaba da cuɗa tasar da ta riga ta fita. "Wancan karon da na faɗa, ai Kaka tafiya ta yi."

Ban san tana ɗauke da wannan ba. Shekara guda yarinya tana ganin ita ta kori kakarta daga gidanmu. Na ce mata ba ita ba ce, ni ne, duka biyun ni ne. Ta ɗaga kai.

"Na yafe, Baba. Amma matan gidan Kaka a Argungu ba su sani ba."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Ta faɗa ne yadda mai sunan take nuna tasa da leɓe.

Na goge wasan daga wayata, amma ba na son a ƙirga min wannan a matsayin wani abu. Gogewa ba ta ɗauki ko rabin ƙoƙo ba. Ban kuma san abin da Gwaggo ta so ta gaya min ba. Wataƙila maganar gonar nan ce da ban saurara ba. Wataƙila yafiya ce da ban nema ba. Wataƙila murya kawai take son ji. Na tambayi Yaya, ya ce shi ma bai sani ba, ya ce kada in sa wa raina damuwa, laifin yara ne. Shi da aka zane saboda ni. Shi ma na bar shi a haka.

Allah Ya yalwata mata makwanci, Ya sanyaya hannayen nan da tururi ya ƙone wajen ciyar da mu, Ya auna mata da ma'aunin rahama ba na lissafi ba. Ta raini ɗan da ba ta haifa ba, ta koya masa abu ɗaya da kyau, shi ne bai riƙe ba.

Na san rubutun nan ba zai isar ba. Tsohuwar da ta yi maganar ba ta karatun boko, matan da suka juya suka kalli ɗiyata ba za su ga wannan takarda ba. A tsakar gida aka ɗora mata laifin, kuma na san abin da Gwaggo za ta ce game da inda ake saukewa.

Ranar Juma'a mai zuwa ake addu'ar arba'in. Ɗiyata ta ce za ta bi ni. Har yau ban tsaya a tsakar gidan nan na faɗa ba.